Layi Biyu a Toka

A Birchi, lokacin sanyi, da an sauke tukunyar tuwo sai mu kewaye murhu, kakarmu Iya Dije ta baje toka da tafin hannu. Tatsuniyarta ba ta tafiya sai da tsinke. Tana faɗa tana zanawa.

Wadda ta fi zama mini ita ce ta Kwaɗo da Kunkuru. Kwaɗo na gadin bakin ƙoramar da ke zuba a tafki, Kunkuru na kan dutse a tsakiya yana duban inda ruwa ya kai. Da damina ta ja baya, Kwaɗo ya yi shela cewa ruwa ya ragu. Kunkuru ya ce ƙaruwa yake yi. Dabbobi suka bi mai babbar murya, suka gina bukkoki a gaɓa, ruwa ya cinye su.

"To wa ya yi ƙarya, angona?" in ji ta, tana zungurata.

"Kwaɗo!"

"Kai dai ba ka da wayo. Duba nan." Ta ja layin da ya hau ya gangaro. "Wanga ƙarfin ƙorama ne." Ƙarƙashinsa ta ja wani, ya miƙe tsaye, sannan ya riƙa kwantawa. "Wanga tafki. Ko ƙorama ta rame, in dai tana ɗiga, tafki hawa shikai. Ba shi tsayawa sai na bisa ya taɓa ƙasa."

Na girma, na shiga jami'a a Dutsin-Ma ina karatun lissafi. Wani hutu ta baje toka ta miƙo mini tsinke.

"Zana mani abin da suke koya maka."

"Iya, ba za ki gane ba."

Ta jefa tsinken a wuta.

Zangon da ya biyo baya malaminmu na kalkulas ya zana giraf biyu a allo, ɗaya bisa ɗaya. Ya ce gangarar na ƙasa ita ke ba da tsayin na sama, filin da ke ƙarƙashin na sama kuma shi ke ba da hawan na ƙasa. Aiki ɗaya ne, gaba da baya. Abin da na yi wata biyu ina hadda kamar aku, tsohuwar da ba ta san bihim ba ta gama mini shi tun ina ɗan shekara bakwai.

Shekara uku ta ƙara a duniya. Kowane hutu ina cewa yau zan faɗa mata, girman kai ya riƙe mini harshe. Wallahi har yanzu abin na ci mini rai.

Yanzu ni ke koyarwa, da tafki da ƙorama nake fara darasin, kuma yara na ganewa nan take. Bara wata ɗaliba ta ɗaga hannu.

"Malam, a ina ka samo misalin nan?"

Na buɗe baki, na ji kaina ina cewa, "A wani littafi."