Rumfar Da Na Kafa Bisa Hanyar Rijiya

Jama'a, na rantse da Allahn da ya halicce ni, abin nan ni ya faru da shi, shekarar da na dawo Filinge daga bida, wato ci-rani, hannu rabbana, da mata da ƴaƴa uku suna kallon bakina. Ƙungiyar masu noman rani ta ba ni ɗan fili a garkar bayan gari, da sharaɗi guda: wanda lokacin dashe ya zo bai da iri a ƙasa, a karɓe a ba na baya, don masu jira sun fi filayen yawa.

Ranar kaka kuwa kun san ta, tsiron tumatir ba ya kwana biyu a gabanta. Sai na haɗa ƴar rumfa iya gwiwa da gwafanni da karan hatsi, na ɗaure da igiyar kaba, na lulluɓe gefe da tsohon sange, gidan sauron nan da matata ta yar, saboda fara da ƙadangaru. Irin da nake da shi na kasa uku, na yafa kashi ɗaya, ya fito gwanin sha'awa.

Wata rana na je sallar azahar na dawo, sai na tarar an buɗe tsakiyar rumfar daga wannan gefe zuwa wancan, tsiro duk ya kwanta ya ƙone. Da akuya ce da ta yi kaca-kaca da wurin, amma wannan kwance igiyoyin aka yi ɗaya bayan ɗaya, aka naɗe su, aka jera karan a gefe kamar aikin mace mai tsabta. Na ce lallai wani mai jiran filina ne. Na sake ɗaurewa da ƙulli bibbiyu, na yafa kashi na biyu, kwana tara aka sake yi mini haka.

Inna Zalika, tsohuwar da filinta ke maƙwabtaka da nawa, ta dube ni ina zage-zage ta ce, "Ɗana, bisa hanya kay yi rumhwagga."

Na ce, "Wace hanya, Inna? Rairai ne zalla."

Ta ce, "Hanyar tsohuwar rijiya. Tun ban yi aure ba tar ruhe. Ka matsa."

Ni kuwa taurin kaina ko jaki ya san da zamansa, kuma in na matsa ina za ni, filin nawa taku nawa ne? Na yafa kashin ƙarshe, wannan karon na ɗaure da waya, na ce ko wane ne sai mun ga juna. Da iri ya tsiro sai na daina barin wurin, sallah ma nan nake yi a gindin itacen gao.

Rana ta shida, rana tsaka, garka ba kowa, ko iska babu, sai na ga sangen ya ɗaga a hankali kamar an yaye labule. Wallahi da idona na ga wayar nan tana warwarewa ita kaɗai. Na so in yi salati bakina ya ƙi, sai na bi ƙasa da kallo, na ga ɗigon ruwa yana sauka bisa rairai, ɗis, ɗis, taku bayan taku, irin wanda ke zuba in mace ta ɗauko tulu cike. Babu sawu, babu inuwa. Ɗigon ya ratsa rumfar ya wuce ta shinge.

Tsoro na ji, ba zan ɓoye muku ba, amma tsirona na ƙarshe na cikin rana. Na ruga na tuɓe rigata na rufe shi. Inda ruwan ya ɗiga kuwa ya bushe ya bar fari-fari, na ɗanɗana, kanwa ce, alhali ruwan famfonmu daɗi gare shi.

Yinin nan ban huta ba. Na raba rumfar biyu, na kwashe tsiron tsakiya da ƙasarsa, na bar hanya faɗin mutum guda da tulu. Washegari na tsaya a bakinta, na ce, "Ga hanya nan na bari, a bar mini abincin ɗiyana."

Ɗigon ya zo daidai lokacinsa, bai taɓa ko kara ɗaya ba. Da ya kawo gabana sai ya tsaya, ruwan ya yi ta sauka wuri guda har rairai ya jiƙe, kamar tsawon gaisuwa, sannan ya wuce.

Na yi dashe, fili ya zauna a hannuna, shekarar har kasuwar Damana na kai tumatir. Na tambayi Inna Zalika ko wace ce, ta ce, "Ban sani ba, kuma kak ka bincika." Amma na bi ɗigon sau ɗaya har bayan shinge, inda ya dosa kuwa kufai ne, ko gindin rumbu babu. Har yau ban san wa ake kai wa ruwan nan kullum ba.

Saboda haka in an ba ku fili, kafin ku kafa gwafa ko ɗaya, ku fara tambayar tsofaffin wurin ta ina ake wucewa a da.