Ranar da Muka Hau Dutse a Bayan Runka

Ƙanwata ce ta jawo tafiyar. Ita ce autarmu, ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a Abuja. Ni kuma malamin makaranta ne a Batsari, inda nake zaune da iyalina da mahaifiyarmu. A wannan shekarar ta bi abokan aikinta zuwa wata ƙasa a gabashin Afirka, suka hau wani tsauni mai ƙanƙara a kansa, da suka sauko kuma aka zagaya da su gandun daji cikin buɗaɗɗiyar mota suna kallon giwaye da raƙuman dawa. Da ta zo gida hutu a farkon kaka, ta zauna a tsakar gida tana nuna mamu hotuna a waya, Inna na ta salati.

"Ke yanzu me kika yar a can sama da kika je ɗaukowa?" in ji Inna.

Ni ne na yi suɓutar baki. Na ce ai mu ma muna da namu, dutsen nan na bayan Runka da marigayi Baba yake ba mu labari. Baba mahauci ne, a ƙuruciyarsa yakan bi rugage sayen dabbobi, kuma ya sha gaya mamu cewa in ka hau kan dutsen kana hango daji har iyakar ganinka, da barewa da gwanki suna kiwo a ƙasa kamar awakin gida.

"Yaya, kai ka taɓa hawa?"

Na ce a'a.

"To mu je."

Na yi dariya, ita ba ta yi ba.

A lokacin an ɗan samu sauƙi. Ana ta maganar sulhu da mutanen daji, manoman Darini da Karare sun koma gonakinsu na nesa, motoci na bin hanya har bayan la'asar. Amma babu wanda ya saki jiki. Na san mutanen da aka ɗauka a gona da fartanya a hannu. Na san wanda bai dawo ba, ɗansa yana ajina. Na faɗa mata duk wannan, ta saurara, sannan ta ce ta ƙetare teku ta hau dutsen wasu, ba za ta koma ba sai ta ga na ubanta. In ba ni zuwa, za ta ɗauki ɗan acaɓa.

Na san halinta, za ta aikata. Don haka ranar kasuwa na je karar shanu na nemi Baffa, wani dattijon Bafulatani aminin Baba, wanda rugarsa ke kusa da dutsen. Shi ma tashin hankalin nan ya cinye mashi fiye da rabin garke. Muka gaisa, na tambayi iyali da dabbobi da ruwa, ya tambayi Inna da yara ɗaya bayan ɗaya, sannan na kawo maganar ina fatan ya hana.

"Daji ya yi sanyi kwanan nan," ya ce, "amma ban yi maka rantsuwa a kan gobe ba. In za ku zo, ku zo da wuri. Kada ta sa kaya mai haske. Ku kashe ƙarar waya."

Inna ma ba ta hana ba. Da na gaya mata, sai ta dube ni ta ce, "Kai ne babba." Da ta yi mani faɗa da ya fi mani sauƙi.

Muka tashi da sassafe a kan babur ɗina, ƙanwata a baya da hijabi ruwan ƙasa da takalman da ta hau wancan tsauni da su. Hanya ta yi kyau da farko, ga dammunan gero an jera a bakin gonaki, ga dawa ta sunkuya. Da muka wuce Runka sai gonakin suka fara raguwa. Muka ratsa wata unguwa da babu kowa, jinkunan ɗakuna sun rufta, ciyawar ƙyasuwa ta fito a cikin masallaci. Duk kwanar da za mu sha sai na rage gudu na leƙa.

Baffa na jiran mu a gindin wata tsamiya kusa da wani ɗan rafi, da sandarsa a kafaɗa. Ya sa na tura babur cikin kurmin geza, ya karyo rassa ya rufe shi, ya goge sawun taya da ƙafa. Ganin yana goge sawun nan ya sa na waiwaya na dubi hanyar da muka fito, domin wanda ya tabbatar da lafiya ba ya haka.

Daga ƙasa dutsen bai yi kama da abin tsoro ba. Sai da muka fara hawa na gane girmansa. Falalen dutse ne mai santsi, sai tsaguna cike da ciyawar gamba da ta fi mu tsawo, ƙarangiya na kama ƙafar wando. Ba mu yi nisa ba numfashina ya fara sarƙewa, zuciyata na dukan haƙarƙari, na kasa rarrabe ko hawan ne ko fargaba. Baffa na gaba da takalmin roba, yana tafiya kamar a tsakar gidansa.

"Yaya, kana sauri da yawa," ƙanwata ta ce daga bayana. "Ƙananan taku. Ka shaƙa ta hanci. Haka aka koya mamu a can."

Na bi maganarta, na kuwa ji sauƙi. Muna cikin haka wasu zabin daji suka tashi daga ciyawa dab da ƙafata, firrr, gaba ɗaya. Ban san lokacin da na kwanta rubda-ciki ba. Na ɗago na ga Baffa na murmushi, ƙanwata ta toshe baki da hijabi. Ni ban ga abin dariya ba.

Daga nan dabbobi suka fara bayyana. Rema, masu kama da manyan ɓeraye marasa jela, sun yi layi a kan wani dutse suna shan hantsi, da suka ji mu suka zube cikin tsaga. Can sama, inda ruwan damina ya taru a wani kwarmi, muka ci karo da garken gwaggon biri. Suna da yawa, uwaye da 'ya'ya maƙale a cikinsu, sai wani ƙato mai furfura a kafaɗa da ya zauna a kan hanyarmu yana kallon mu. Ya yi haushi sau ɗaya, ƙarar ta daki dutse ta dawo.

"Kada ku kalle shi cikin ido," Baffa ya ce a hankali. "Kada ku nuna haƙora. Ku biyo ni ta nan."

Muka raɓa ta gefe, ina jin idon dabbar a ƙeyata har muka sha kwana.

Rana ta ɗaga sosai lokacin da muka kai ƙololuwa. Baba bai yi ƙari ba. Daji ne shimfiɗe, kore shar, marke da ƙirya da kanya, rafuka na walƙiya a tsakani, shirwa na shawagi a ƙasa da mu. Baffa ya nuna da sanda, muka hango gada guda biyu a bakin wani kwari, can kuma gadu, wato aladen daji, da 'ya'yanta suna gudu jela a miƙe. Barewa da gwanki dai ba mu gani ba. Baffa ya ce rabonsa da ganin namun daji da yawa haka tun yana saurayi. Tun da mafarauta da masu saran itace da manoma suka daina shigowa, dabbobi suka dawo.

"Mu muka gudu, su suka samu wuri," ya ce.

Ƙanwata ta zauna a kan dutse. Ko hoto ba ta ɗauka ba da farko. Ni kuwa ina duban dajin nan mai kyau, abin da nake tunani shi ne a ƙarƙashin waɗanne itatuwa ne ake ɗaure mutane.

Na buɗe baki zan ce mu sauka ke nan, sai birran nan suka kaure da haushi a ƙasa, sannan suka yi tsit. Baffa ya ɗaga hannu. Ni ban ji komai ba sai iska. Can sai na ji, ƙasa-ƙasa, kamar ƙudan zuma.

"Ku kwanta," ya ce.

Babura ne, suna fitowa daga daji a jere, kowane da mutum biyu ko uku. Akwai dogayen abubuwa rataye a bayansu. Daga inda muke ba a bambance bindiga da sanda, amma ban yaudari kaina ba. Muka manne da dutse, zafinsa na ratsa riga. Na yi ta addu'a su wuce. Suka zo daidai tsamiyar nan, na gaba ya tsaya, sauran suka tsaya, aka kashe injuna.

Ɗaya ya sauka ya nufi kurmin da babur ɗina yake. Na tuna wayar ƙanwata cike da hotunan ƙasar waje, na san duk wanda ya gan su zai ɗauka 'yar wani attajiri ce. Na tuna ɗakin Inna, da yadda zan tsaya a ƙofarsa ni kaɗai. Na yi ta auna inda zan tura ta ta ɓuya in ni na sauka na miƙa kaina, na kuma san ƙafafuna ba za su ɗauke ni ba.

Sai na ji yatsunta a wuyan hannuna, daidai inda suke duba bugun jini a asibiti.

"Yaya," ta raɗa, "numfasa. Za ka suma."

Hannunta ma sanyi ƙalau, amma muryarta ba ta rawa.

Mutumin ya tsuguna a bakin kurmin, ya daɗe, ya miƙe ya koma. Har yau ban san ko ya gani ba. Sauran suka bazu a bakin rafi, wasu na wanke fuska, wasu biyu sun kwantar da wani babur suna gyaran sarƙa. Iska kan kawo mamu guntun muryoyi da dariya. Ba su da niyyar sauri. Tururuwa suka hau mani wuya, na bar su. Ruwan gorarmu ya ƙare. Azahar ta yi, Baffa ya ja jiki bayan wani dutse ya yi taimama, ya yi mamu alama, muka yi salla a zaune ɗaya bayan ɗaya. Ban taɓa yin sallar da na ji kowace kalma kamar wannan ba, ban kuma taɓa yin wadda hankalina ya rabu biyu kamar ita ba.

Inuwa ta fara karkata kafin su tayar da injuna. Suka bi hanyar arewa, ƙarar ta yi ta raguwa har ta ɓace. Na yunƙura zan tashi, Baffa ya danne mani kafaɗa.

"Ba ta nan za mu sauka ba. Wataƙila sun bar wani."

"Babur ɗin fa, Baffa?"

"Babur ba ya da uwa," ya ce.

Ya bi da mu ta bayan dutsen, inda babu hanya sai wata tsaga mai gangare da birran ke bi. A nan ƙanwata ta shige gaba. Ta juya ta fuskanci dutse, ta riƙa sauka da baya tana gaya mani inda zan sa ƙafa. A wani wuri na leƙa ƙasa, kaina ya juya, na maƙale na kasa gaba na kasa baya. Ta ce kada in kalli ƙasa, in kalli hannuna kawai. Baffa ya miƙo mani sandarsa daga sama. Na sauko da tafin hannu a ɗaye, wando a yage, ga gwaggon biri jere a kan duwatsu suna kallon mu kamar 'yan kallon dambe.

Bayan la'asar muka isa rugar Baffa. Matarsa ta gan mu ba ta tambayi komai ba, ta shimfiɗa tabarma ta dama fura da nono. Na ɗauki ludayi na fara sha. Ƙanwata, wadda tun safe ba ta nuna tsoro ba, ta kai ludayi baki ta fashe da kuka. Tsohuwar ta jawo ta jikinta tana yi mata magana da Fulatanci, ba ta jin ko kalma, amma ta lafa.

Baffa ya raka mu bakin hanya, ya tsayar da wata a-kori-kura da ta ɗauko buhunan gyaɗa za ta Safana. Muka hau kan kaya tare da wasu manoma. Babu wanda na gaya wa inda muka fito. Daga Safana muka samu wata motar, muka shiga gida ana kiran magariba. Inna na zaune a kan dadduma. Ta dubi hannuwana, ta dubi idanun autarta, ta ce akwai ruwan zafi a murhu.

Ranar kasuwa wani maƙwabcin Baffa ya tuƙo babur ɗin, Baffa a baya. Babu abin da ya same shi, sai kujerar da birai suka yayyaga. Na tambayi Baffa su wane ne mutanen nan.

"Ban tambaya ba," ya ce. "Kai ma kada ka tambaya."

Ƙanwata ta koma bakin aikinta. Sauƙin da aka samu bai kai damina ta gaba ba, hanyar ta sake rufewa, Baffa ya kora sauran shanunsa ya yi kudu da iyalinsa. Mukan yi waya jefi-jefi in ya samu sabis. Ni kuma abin ya bar mani wata ɗabi'a. In ina tsaye gaban allo na ji ƙarar babura fiye da ɗaya a tare, sai magana ta tsaya mani a baki. Ɗalibaina sun saba. Sukan yi shiru su jira har ƙarar ta wuce, sannan wani ya tuna mani inda na tsaya.