Littafin Ƙarƙashin Tebur

Ko tsufa zai kwashe mini komai, wannan ranar dai ba za ta fita daga raina ba.

Bayan na gama sakandare na koyi haɗa manhaja a wata cibiya a Tudun Wada. Aikina na farko na ƙaramin asibitin garinmu ne a Doguwa: manhajar adana sunayen waɗanda suka yarda su ba da jini, da rukunin jinin kowa, da lambar wayarsa. Kafin nan a wani tsohon littafi dattijon jami'in lafiyarmu yake rubutawa. Baba muke ce masa. Na kwafe komai cikin kwamfutata, na ce, "Baba, zamanin biro ya wuce." Ni kuwa lokacin kaina rawa yake.

Wata Talata da hantsi aka kawo yayata. Ta haihu a gida, jini ya ƙi tsayawa. Ga shi irin jininta ba a cika samunsa ba, nawa ma bai dace ba. Baba ya leƙo ofis ya ce, "'Yar nan, nemo mana mutum biyu, maza!"

Na buɗe kwamfuta. Sai ga wasu 'yan ɗigo suna zagayawa, da rubutu wai tana sabunta kanta, kada in kashe ta. Ni ban sa ta ba, ba a kuma tambaye ni ba. Halin babban kamfanin da ya yi manhajar da ke tafiyar da kwamfutar ke nan, ka sayi abu da kuɗinka amma su ke da iko da shi. Gani suke kowa na da wuta a kowane lokaci. Mu kuwa kwana uku ba a kawo ba, batir ya kusa ƙarewa.

Innarmu ta tsaya a kaina, mayafinta duk jini. "Ke, danna mana!"

"Inna, ba ta dannuwa."

"To uban me take jira?"

Daga ɗakin haihuwa ina jin yayata tana salati, muryar tana ƙara yin ƙasa. Can allon ya yi baƙi ƙirin. Na ce shi ke nan, iyayina ya kashe 'yar'uwata.

Don takaici na kai wa tebur duka. Ya karkace, wani abu ya zame daga ƙarƙashin ƙafarsa. Littafin Baba ne. Ni da kaina na tokare teburin da shi watannin baya, don yana girgiɗi.

A durƙushe na dinga buɗe shafuka. Na samu wani mai faci a bakin tasha da wata malamar firamare masu irin jininta, aka kira su suka zo suka bayar. Mai facin ko hannu bai tsaya wankewa ba. Bayan la'asar yayata ta buɗe ido ta tambayi jaririyarta.

Kwamfutar kuwa sai washegari ta farfaɗo a shagon caji, har da yi mini maraba da nuna mini sabbin hotunan allo. Saura kaɗan in maka ta da ƙasa.

Da na miƙa wa Baba littafinsa, ya kaɗe ƙurar ya ce, "Ko a mayar da shi ƙarƙashin teburin?" Na sunkuyar da kai.

Har yau ina haɗa manhaja, ita ce sana'ata. Amma duk abin da ran mutum ya rataya a kai, sai na rubuta shi da biro. Ba na ƙara barin sa a hannun na'urar da masu ita ke can nesa, ba su san yayata ba.