Gyaɗar Hajiya a Kekun Waje

Shekarar da na fara aikin duba azuzuwan share fagen firamare, an haɗa ni da wata Hajiya, tsohuwar malama a Gusau, mai tafiya kamar ba ta son zuwa. Ni kuwa ga rawar kai, ga takardun tambayoyi fal jaka. Bayan mun gama da Tsafe muka nufi Kekun Waje ta Bungudu, inda aka ce rahotonmu ne zai sa a bar ajin ƙananan yara ko a rufe shi.

Na riƙa kiran yaran ɗaya bayan ɗaya. In nuna launi in tambaya, in ce a ƙirga min zuwa goma. Kowa ya sunkuyar da kai yana murza gefen riga. Kafin azahar na cika shafi da sifili, malamar ajin tana tsaye bakin ƙofa tana kallo. Raina ya ɓaci, na ce wa Hajiya wannan aji ɓata lokaci ne kawai.

Ba ta yi min musu ba. Ta dai tambaye ni ko ina shekara huɗu na taɓa ɗaga ido na amsa wa baƙuwa magana. Ina fa, a gidanmu rashin kunya ke nan.

Washegari ta zo da kwanon gyaɗa da kofuna masu launi daban-daban, ta shimfiɗa tabarma a inuwa, ta miƙe ƙafa tana ɓara kamar Innar kowa. Ba ta tambayi kowa komai ba, aike kawai take yi.

"Ke ɗiyata, ɗebo min gyaɗa bakwai ki zuba a jan kofi."

Yarinyar, wadda na ba sifili jiya, ta ruga, ta tsallake shuɗin kofi, ta zuba bakwai cif a ja. Ashe yaro mai tarbiyya yana iya ƙin amsa wa baƙo, amma ba ya ƙin aike. Hajiya ta sa na koma gefe ina rubuta abin da hannuwansu suka yi. Waɗanda suka kasa ma ta ce in rubuta, ba alfarma muka zo yi ba. Wallahi tun daga ranar nake ganin girman matar nan.

Mafi yawansu sun iya, kuma ba a rufe ajin ba. Da za mu tafi, malamar ta durƙusa gaban Hajiya, idonta ya yi ja.

"Na san sun iya, Hajiya. Yadda zan nuna muku ne ban sani ba."