Kunkurun da Muka Sayo wa Kaji

Shekarar da na fara koyar da Turanci a wata firamare a Bungudu, kajin kawuna suka shiga yin ƙwai babu ɓawo. Kawu ƙanin mahaifiyata ne, manomi a Karakkai, ya kuma yi wa kajin Turawa ɗaki a bayan gida. Matarsa, wadda muke kira Inna, ita ke ba su abinci, amma a lokacin ta tafi Kekun Waje zaman jegon ɗiyarta. Ƙwan da kajin ke yi, in ka ɗauka sai ya lotsa a hannunka kamar ƙullin koko a leda.

Akwai wani likitan dabbobi a Gusau da Kawu ya sani. Na kira shi, ya ce yana sauri, zai turo saƙo. Saƙon ya zo da Turanci, layi ɗaya tak: a daka "shell" a zuba musu a abinci. Daga nan wayarsa ta daina shiga. Ashe aikin Umra ya tafi.

Na karanta wa Kawu a gindin darbejiyar ƙofar gida.

"Shela?" in ji shi. "Shela za a yi ma kaji? Wa za shi yi ta, sanƙira?"

"Ba shela ba, Kawu. Kalmar Turanci ce."

"To faɗa min da Hausa. Ai kai ne malamin."

Tun ina aji uku na san ma'anarta ɓawon ƙwai, na kuma faɗa masa. Ya girgiza kai. Ya ce ba ya yiwuwa likita ya ce a ba kaza abin da ta rasa, kuma duk kazar da ta ɗanɗani ɓawo, gobe ƙwanta za ta fasa ta sha. Maganar ta shige ni. Na buɗe ƙamus a wayata, sai ga kalma ɗaya da 'ya'ya kamar fara. Na shiga fassarawa: ɓawon gyaɗa, ƙoƙon bayan kunkuru, gidan katantanwa, kangon ginin da ba a ƙarasa ba. Da na ambaci kango, Kawu ya ɗan kalli ginin maƙwabcinsa da ya shekara biyar ba rufi. Da na ce kwanson harsashi kuwa, sai ya rufe mini baki da tafin hannunsa.

"Ɗan nan, rufa min asiri. Kada ka ƙara faɗin wanga a ƙofar gidana."

Muka fara da mai sauƙi. Ɓawon gyaɗa buhu-buhu gare shi. Ni da kaina na naɗe hannun riga na daka a turmin Inna, muka cuɗa da dusa. Kajin suka zo da gudu, suka tsince dusar tsaf, suka tone sauran da ƙafa suka watsa mana a jiki. Awaki ne suka ji daɗin maganin. Kwana huɗu muna yi, ƙwai na nan jiya i yau.

"Saura kunkuru," in ji Kawu. "Dama shi na fi zato. Duk cikinsu wa ya kai shi tauri?"

Ranar kasuwar Tsafe ya goya ni a babur, muka ratsa Gusau muka miƙe hanyar Funtuwa. Mai sayar da kayan maganin gargajiya ya ce busasshen ƙoƙo ya ƙare, amma akwai mai rai. Ya ɗaga faifai daga kan wata roba, sai ga kunkuru yana cin ganyen yakuwa a natse. Kawu ya ƙwanƙwasa bayansa da ɗan yatsa kamar mai zaɓen kankana, ya ce wannan ya nuna.

Ni na rungumo shi a buhu a kan cinyata. Kafin mu shiga Gusau na ji ɗumi yana bin farin yadina har gwiwa. A wani shingen bincike jami'i ya tambayi abin da ke cikin buhun.

"Maganin kaji ne, ranka ya daɗe," in ji Kawu.

Jami'in ya leƙa. Maganin ya miƙo wuya ya dube shi. Jami'in ya dubi Kawu, ya dubi jiƙaƙƙen wandona, ya ce mu wuce Allah ya ba su lafiya.

A gida aka zo wajen yanka. Kawu ya wasa wuƙa, ya fuskanci gabas, ya durƙusa. Kunkuru ya janye kai da ƙafafu ya koma ciki. Aka ajiye masa tumatir a gaba. Da Kawu ya mayar da wuƙa bayansa sai kai ya fito, da ya motsa sai ya koma. Maƙwabta suka taru, gardama ta sarƙe kan ko kunkuru ma ana yanka shi, wani dattijo na cewa a kira liman. Tun bayan azahar har aka kira la'asar, tumatir uku suka ƙare, ba a ga wuyan da za a yanka ba.

A haka Inna ta yi sallama da ƙullin kayanta a ka. Ta tsaya ta dubi mijinta durƙushe da wuƙa gaban kunkuru.

"Malam, lafiya? Mi ya yi maka?"

Na yi mata bayani tun daga saƙon likita. Ta shiga madafa ta fito da wani gwangwani cike da farin gari.

"Wanga fa? Ban ce a riƙa barbaɗa musu kullum ba?"

Kawu ya sosa ƙeya. Ya ce ya ɗauka kanwa ce.

Ashe ɓawon ƙwai ne. Takan karɓo wajen mai shayi, ta gasa a kasko, ta daka shi lilis yadda kaza ba za ta gane abin da take ci ba. Shekara da shekaru tana yi ba wanda ya tambaye ta. Ta juyo kaina ta ce, "Kai kuma malam, 'ya'yan mutane ma haka kake karantar da su?" Maƙwabta suka watse suna dariya. Cikin mako biyu ƙwai ya yi ƙwari.

Kunkurun ya zauna a gidan. Ya samu wuri a gindin randa, yana cin ɓawon kabewa, Kawu kuma in ya dawo gona sai ya fara leƙa shi kafin ya wanke ƙafa. Da damina ta sauka, wata rana aka yi ruwa mai ƙarfi, kunkurun ya bi ta rariya ya nufi fadama. Kwana biyu Kawu na yawo cikin gero da sanda, yana tambayar masu noma ko sun ga wani kunkuru mai ɗan tabo a gefen hagu.