Dokin da Habboba Ba Ta Ƙarasa Labarinsa Ba

A ƙauyenmu kusa da Abu Na'ama, da an idar da magariba sai Habboba, kakarmu ta wajen uba, ta hura gawayi a tsakar gida ta ɗora jabana, 'yar tukunyar dafa gahawa. Mu jikoki mu kewaye ta, ƙanshin citta na tashi. Hausarta irin ta Sakkwato ce, ta gaje ta daga mahaifinta da ya zo ƙasar nan a ƙafa.

Ina 'yar shekara sha huɗu na dawo hutu daga makaranta a Sinja, ina ji da kaina. Ran nan ta ce za ta ba mu tatsuniyar mahaifinta, wadda ba ta taɓa ba mu ba.

Wasu tagwaye ne, Hasan da Husaini, manoma a bakin kogi. Hasan ya fitar da wata aljana daga rijiya, ita kuma ta ba shi doki mai gudu kusa da na walƙiya. Ya ce wa Husaini ya jira shi, zai je ya ga inda kogi ya faro. Yini guda ya yi. Da ya dawo, gurasar aljihunsa ko bushewa ba ta yi ba, amma bai gane gidajen garin ba. A bakin ruwa ya tarar da wani tsoho mai furfura yana kallon hanya.

Nan na katse ta. "Habboba, wannan ba zai yiwu ba. Lokaci ɗaya ne ga kowa, yini a nan yini ne a ko'ina." Na ƙara da Larabci cewa zancen tsofaffi ne. Yara suka yi dariya.

Ta dube ni. "To, ya bitti, ɗiyata, tunda kin sani, mi za ni hwaɗi? Halas, shi ke nan." Ta sauke jabana. Ƙannena suka yi ta roƙo, ta ƙi.

Sai a jami'a a Khartum, ina karatun fiziya, wato kimiyyar motsi da makamashi, malaminmu ya zo kan haske. Ya ce ko kana tsaye, ko kana bin sa a guje cikin jirgi, in ka auna gudunsa abu ɗaya za ka samu. Tunda gudun haske ba ya sauyawa, lokaci ne ke sauyawa: agogon mutumin da ke tsananin gudu yana tafiya a hankali in an gwada shi da na mazaunin gida. Wanda ya yi tafiya kusa da gudun haske ya juyo, zai iya tarar da abokin tagwaicinsa ya tsufa. An gwada da agogo, in ji shi, haka abin yake. Na tuna da dokin Hasan, na kasa rubuta komai.

Da hutu ya zo na durƙusa gaban Habboba. Idonta ya riga ya tafi.

"Habboba, ke ce da gaskiya. Ki yafe mini." Na yi mata bayani iyakar iyawata.

Ta yi dariya. "Ni mi na sani ga haske? Labari dai ni ji ga babana."

"To me Hasan ya ce wa tsohon?"

Ta yi ƙoƙarin tunowa, leɓenta na motsi. "Labarin ya tahi, Nafisa, na mance. Tun ran nan ban koma hwaɗinai ba."

Da daminar nan ta rasu. Na tambayi gwaggonnina ɗaya bayan ɗaya, babu wadda ta taɓa jin labarin.

Yau ina koyar da 'yan mata fiziya a Rusairis. Kuskuren da na yi ba ya damuna sosai, manyan masana ma sun daɗe suna ɗaukar lokaci yadda na ɗauke shi. Abin da ke ci mini rai shi ne kunyar da na ba tsohuwa a gaban jikokinta, da kuma rashin haƙurin minti biyar. Na san dalilin da ya sa Husaini ya tsufa, ina iya zana shi a allo. Amma ko ya gane ɗan'uwansa, ban sani ba, kuma babu sauran wanda zan tambaya.