Bangon da Aka Shafe Saboda Baƙi

A layinmu ba mai kiran mutumin nan da sunansa na yanka. Malam Kala-Kala, shi ke nan, don babu rigarsa da ba ta da ɗigon fenti, har wadda yake zuwa biki da ita. Tun yana ɗan mitsitsi yake zane da gawayi a bangon gidansu, mahaifiyarsa na gogewa da tsumma tana murɗe masa kunne. Da ya girma sai ya koma zana kawuna a allon masu aski. Duk kan da ka gani a ƙofar shagon aski, kunne ɗaya ya ɗara ɗaya girma, to aikinsa ne. Daga baya firamaren bayan kasuwa ta ɗauke shi malamin zane. Ta ba shi darasin ƙarshe, lokacin da yunwa ta gama da yara, amma ko guntun fensir ba ta ba shi ba.

Bai damu ba. Takardar buhun siminti yake roƙa wajen magina, gawayi kuwa na murhun matarsa, Maman Biyu.

"Ka ƙara sa hannu a gawayina, kai zan hura," in ji ta.

"Ilimi ake yi da shi, uwargida."

"To ilimin ya dafa maka abincin rana."

Shekarar bara ya bi garejin masu fentin mota yana kwashe ragowar gwangwanaye, shi da 'yan ajinsa suka cika dogon bangon makarantar da zane, daga ƙofa har bayan gida. Ga tela da kekensa, ga mai gadi yana barci baki buɗe, ga Hedimasta da ƙeyarsa mai kama da bayan ludayi da tumbinsa, wanda sai da Malam ya rage shi kafin ya bar yara su sa kala.

Hoton bangon nan ya kai ga wata ƙungiya mai tallafa wa sababbin masu zane da darasin zane a makarantu. Suka ce za su zo su gani da idonsu. In gaskiya ne, akwai fenti da buroshi da takarda, har da ɗakin zane. Dama Hedimasta ya riga ya faɗa a ɗakin malamai cewa in zangon nan ya ƙare ba tallafi, lissafi zai gaji darasin, Malam ya koma wa masu askinsa.

Ana gobe baƙi za su zo, Malam ya tafi aron riga mai tsabta wajen ƙanin matarsa. Hedimasta kuwa ya yi abin da ya saba yi duk ran da aka ce masa baƙo na tafe. Ya sa aka kwaɓa farar ƙasa a bokitai, aka shafe duwatsun bakin hanya, aka shafe bishiyoyi zuwa ƙugu. Da ya ga ta ragu, ya nuna wa mai gadi bango.

Da safe Malam ya shigo cikin rigar aro, ya tsaya cak. Bango fari fat, sai ka ce ba a taɓa haifar tela ba.

"Yallaɓai, ina bangon?"

"Ga shi gabanka, ko ido ne ya fara? Dubi yadda yake ƙyalli."

"Zanen nake nufi!"

"Haba Malam. Manyan mutane su taso daga nesa su tarar yara sun yi wa bango jagwalgwalo? In sun tafi ka sake wani."

"Shi fa suka zo gani, Yallaɓai."

"Tun da na kama aikin nan ban taɓa karɓar baƙo da bango mai datti ba, ba kuma a kanka zan fara ba."

Malam ya sake duban bangon. Sai ya tofar da yawu gefe.

Baƙin suka iso, wata mata mai tabarau da wani mai kyamara. Yara suka yi waƙa, Hedimasta ya yi jawabi har 'yan layin gaba suka fara gyangyaɗi. Da ya gama matar ta ce a nuna mata zanen.

"Gabansa kike tsaye, ranki ya daɗe," in ji Hedimasta. "Gyara muku shi muka yi."

Ta dubi hoton da ke wayarta, ta dubi bango. Malam ya matsa ya kankare da farce, sai ga buɗaɗɗen bakin mai gadi ya leƙo.

"Na yarda da kai, Malam," in ji ta. "Amma in muka kawo fenti nan, me zai hana a shafe aikin yara duk ran da aka yi baƙo?"

Kafin Malam ya buɗe baki Hedimasta ya cafe: "Ai ba kullum ake baƙi ba."

Ko lemon da aka jera musu ba su taɓa ba. Mai kyamara bai ma cire murfin kyamararsa ba.

Da zango ya ƙare lissafi ya gaji darasin. Maman Biyu ta samu lafiyar gawayinta, sai dai ta daina tsokanarsa, wannan kuwa ya fi yi masa ciwo. Farar ƙasar ma ashe ruwa ya fi yawa a cikinta, don ruwan sama na farko ya fara wanke ta, abin da ya fara fitowa kuwa tumbin Hedimasta ne. Malam na wucewa ta nan kullum, ba ya ko waiwaye.

Ya koma wa allon masu aski. Amma ku duba da kyau in kun zo aski. A kowane sabon allo, kan da aka yi wa aski mafi muni, mai ƙeya kamar bayan ludayi, duk ɗan firamaren nan ya san mai shi.